Jarumi da Ɗan Ganganci

A Oktoban 2012 Felix Baumgartner, wani mai dirowa daga sama da laima, ya diro daga tsayin kusan kilomita 39, miliyoyin mutane na kallo a intanet. Ƙarfin hali kam yana da shi, ba na musu. Amma da ya fasa ranar, babu ran da zai salwanta. Shi ya je neman haɗarin, shi aka yi wa tafi, Red Bull, kamfanin abin sha da ya ɗauki nauyinsa, kuma ya sha talla.

Saman Kunan fa, haɗarin wasu ya tarar, ya shiga tsakani, kuma shi nake kira jarumi. A 2018 yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu suka maƙale a kogon Tham Luang na Tailan, ruwa ya toshe musu hanya. Saman ya riga ya bar aikin sojan ruwa, babu wanda ya tilasta masa, da ƙafarsa ya zo. Aikinsa kai tukwanen iska cikin duhu, a ruwan laka da ko tafin hannunka ba ka gani. A hanyar dawowa ranar 6 ga Yuli numfashinsa ya ɗauke, ya rasu.

Bayan kwana huɗu aka fito da na ƙarshensu da rai.