Hattara da mai tallar ƙofofin ɗaki a Gombe

Jama'a, musamman masu gini a Tumfure da sauran sababbin unguwannin Gombe, akwai wani da ke tallar ƙofofin katako na cikin gida a Facebook da WhatsApp. Zai kawo maka samfur mai nauyi, allunan tsakiyarsa masu kauri, ya karɓi kafin alƙalami, daga baya ya sauke maka ƙofofin da suka sha fenti suna ƙyalli. Abin da ke ƙarƙashin fentin ba shi ka biya ba.

Kaurin ƙofar ɗaki yawanci milimita 35 ne, ta waje kuma 44 ko 45. Mutumin nan ya san gefen ƙofa maigida ke ɗora wa tef na awo, shi ya sa firam ɗinsa, wato katakon da ya kewaye allon tsakiya, ke cika 35 cif. A allon tsakiya yake cin amana. An yi ciniki kan milimita 12 ko 18, sai ya saka filawud mai 4, irin na bayan kabad, ya toshe gefe da gam da garin katako. Na ga ɗaya a gidan maƙwabcina: na danna da babban yatsa, allon ya lotsa, kuma duk maganar da ake yi a uwar ɗaka ana jin ta a falo. Wannan ya fi komai ɓata min rai, domin ƙofar ɗaki sutura ce ga iyali. Firam ɗin ma ɗanyen katako ne, hunturu na kamawa ya kantare, kuba ta ƙi shiga.

Gane shi ba wuya. Ka gitta miƙaƙƙen katako a kan firam, ka auna zurfinsa zuwa allon ta gaba da ta baya, ka cire jimillar daga 35. Idan kowane gefe ya ba ka 15, allonka milimita 5 ne kacal.

Kada ka yarda a shafa fenti kafin ka je shagon ka gani da idonka; shi wannan kullum cewa yake shagonsa yana Bauchi, ba ya kai kowa. A rubuta kaurin allo da irin katakon, madaci ne ko malaina, a gaban shaidu, cikon kuɗi kuma sai ka auna kowace ƙofa. Wanda ya riga ya tura masa kuɗi ya adana shaidar banki da hirarsu ta waya, ya kai wa 'yan sanda.