Wata takwas ina tsare adireshin IP da phpIPAM

Ina aiki da wani ƙaramin kamfani a Kano da ke raba intanet ta rediyo ga shaguna, ofisoshi da gidajen kwanan ɗalibai. Mu huɗu ne a ɓangaren gyara. Shekara da shekaru lissafin adireshinmu na IP, wato lambar da ake ba kowace na'ura da ke kan layi, yana cikin takardar Excel, wadda a baki guda ɗaya ce amma a aikace uku ce: ɗaya a laftof ɗina, ɗaya wurin maigida, ɗaya a wayar yaron da ke hawa turke. Kowa na rubuta nasa, kuma ba a cika haɗa su ba.

Abin da ya sa na ce ya isa haka ya faru ne wata Asabar a Kantin Kwari. Wani Alhaji mai sayar da shadda ya kira ni tun kafin azahar, ya ce, "Injiniya, kyamarorin nan sun sake makancewa, kuma yau kaya ke shigowa." Na je na tarar na'urar naɗar hoton tana zuwa tana ɗaukewa. Na canza waya, na sake matse kan, na canza rami a jikin suwic, akwatin da wayoyin na'urori ke haɗuwa, duk a banza. Sai bayan la'asar na zauna na zuba wa teburin ARP na rauta ido, wato jerin da na'urar da ke haɗa ginin da intanet ke rubuta wa ke riƙe da wane adireshi, na ga adireshi ɗaya yana sauya lambar MAC, lambar shaidar kowace na'ura, yanzu wannan, an jima waccan. Ashe firintar wani shago a bene na biyu aka ba adireshin da na'urar Alhaji ke riƙe da shi tun bara. A tawa takardar adireshin na Alhaji ne, a ta wayar abokin aikina kuwa fili ne babu kowa. Alhaji bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Allah ya kyauta, amma a duba mana." Wannan maganar ta fi faɗa yi mini nauyi.

Manhaja biyu na gwada don tsare lissafin adireshin, NetBox da phpIPAM. NetBox tana da kyau ƙwarai, sai dai tsarinta shi ne kai za ka rubuta yadda ya kamata hanyar sadarwarka ta kasance, ba ita za ta fita ta leƙo maka ba. Ni kuwa a lokacin ban ma san abin da ke kan layukanmu ba, ina buƙatar wadda za ta je ta ƙirgo. Shi ya sa na tsaya kan phpIPAM. Kyauta ce, lambobinta a buɗe suke, da PHP aka rubuta ta, tana ajiye bayananta a MySQL ko MariaDB, kuma ta burauza ake shiga. Na ɗora ta a kan wata tsohuwar kwamfutar tebur mai Ubuntu da muka jona da inbata a ofis. Girkawar ba ta ci mini yini ba. Inda na ɗan tsaya shi ne SNMP, hanyar tambayar na'urori bayani daga nesa: sai an ƙara wa PHP ɓangarenta na snmp, sannan Ubuntu da Debian ba sa zuwa da fayilolin MIB, masu fassara sunayen tambayoyin SNMP, saboda batun lasisi, sai ka sauke su da snmp-mibs-downloader. Kafin na gane haka, duk tambayar da na tura wa rauta kuskure take dawo mini da shi.

Hanya biyu manhajar ke bi ta gano abin da ke raye a cikin sabnet, wato rukunin adireshi da aka yanka wa wuri ɗaya, kuma bambancinsu ne ya fi komai amfani a wurina. Ta farko ping ce: ta ƙwanƙwasa kowane adireshi, wanda ya amsa ta rubuta shi. Ana iya sa wannan ya riƙa gudana da kansa ta cron, mai tayar da aiki a kan lokaci, ni na sa duk minti 15. Matsalar ita ce ba kowace na'ura ke amsa sallama ba. Kwamfuta mai Windows sau da yawa katangar tsaronta na toshe ping, waya kuma in ta yi barci sai ta yi shiru. Sai ka ga adireshi kamar kango, alhali da mai gida a ciki.

Ta biyun ita ce ka tambayi rauta kai tsaye. Duk na'urar da ke son fita intanet dole ta yi magana da rauta, shi kuma dole ya rubuta adireshinta da lambar MAC ɗinta a teburin ARP, ko tana amsa ping ko ba ta amsawa. SNMP, wadda ke sauraro a ƙofa ta 161 ta UDP, ita ce hanyar da za ka karanto wannan teburin daga nesa ba tare da ka shiga rautan ba. A phpIPAM za ka yi wa na'urar rajista, ka ba ta bayanan shiga, ka zaɓi abin da za a tambaye ta: teburin ARP, teburin MAC, jerin VLAN (ɓangarorin da aka raba layi a cikin suwic), ko teburin hanyoyi. Ranar da na fara gwadawa a kan ginin nan na Kwari, takardarmu na nuna na'ura 38, ping ta samo 44, teburin ARP ya fito da 61. Na daɗe ina kallon allon. A cikinsu akwai ƙananan rautoci biyu da masu shago suka jona da kansu, da wata na'urar ɗaukar yatsa da wani ya girka bai gaya wa kowa ba. Da na haɗa da teburin MAC na suwic, sai na san ramin da kowace take, na bi waya har shagon.

Teburin hanyoyi ma ya yi mini rana. Manhajar na iya karanto sabnet ɗin da rauta ya sani ta nuna maka waɗanda ba ka rubuta ba. Ta nan na gano wasu ƙananan sabnet na /30, masu adireshi huɗu-huɗu, guda biyar na haɗin rediyo tsakanin turaku, waɗanda wani da ya bar aiki ya yanka kuma ba su cikin kowace takarda.

Yankan sabnet kuwa ya zama abin jin daɗi. Mun ɗauki 10.0.0.0/8, ɗaya daga cikin rukunoni ukun da takardar ƙa'idar intanet RFC 1918 ta ware tun 1996 don amfanin cikin gida, muka ba kowane turke nasa babban rukuni na /16, a ƙarƙashinsa kowane gini /24 mai adireshi 254 da za a iya rabawa. In ka buɗe babban rukuni, manhajar na nuna maka abin da aka yanka da filin da ya rage, kuma in ka nemi ƙaramin yanki kamar /26 za ta kawo maka na farko da babu kowa a kai. Ba za ta bari ka ƙirƙiri sabnet biyu masu hawa kan juna ba muddin ka bar tsauraran dokokinta a kunne. Akwai kuma hoton sabnet na 'yan akwatuna masu launi, wanda ko maigida da ba ya son dogon bayani yana kallo ɗaya yake ganewa.

Adireshin fili, wato wanda duniya ke gani, shi ne gwal ɗinmu. IANA, hukumar da ke raba adireshin intanet a duniya, ta raba rukunoninta na ƙarshe na IPv4, irin adireshin da muke amfani da shi, ranar 3 ga Fabrairu 2011, AFRINIC, mai raba na Afirka, da ke tsibirin Moris kuma tun Janairun 2020 ba ta ba da abin da ya wuce /22 a buƙata guda, wato adireshi 1,024. Mu ƙanana ba mu ma kai can ba, 'yan kaɗan muke karɓa daga kamfanin da ke sayar mana da layi, sauran kwastomomi na bayan NAT, wato suna fita intanet ta adireshin fili na tarayya. Da na tantance na fili ɗaya bayan ɗaya, na samu uku da ke rubuce da sunan mutanen da suka bar mu tuntuni. Mun karɓe su, ɗaya ma a satin muka ba wani ofis da ya daɗe yana nema.

Akwai abin da ya kamata mai niyyar girkawa ya sani tun farko. phpIPAM littafin lissafi ce, ba ita ke raba adireshi ga wayoyin mutane ba. Wannan aikin DHCP ne da ke kan rauta. Na koyi haka a wani gidan kwanan ɗalibai, inda aka yi ta kirana da dare wai waya na kama Wi-Fi amma ta tsaya a neman adireshi. A littafina na yi wa zangon alamar DHCP ne kawai, don haka ban ga cikarsa ba. Rumbun adireshin ne ya cika: wa'adin hayar adireshi kwana uku muka sa, ga baƙi na shiga suna fita, ga kuma wayoyin zamani, tun daga Android 10 da iOS 14, da ke ƙirƙirar lambar MAC ta daban ga kowace Wi-Fi, ta yadda waya ɗaya mai hawa sunayen Wi-Fi biyu na gidan takan ci adireshi biyu. Na rage wa'adin zuwa awa huɗu, na faɗaɗa rukunin daga /24 zuwa /23, wato ninki biyu. Don kada a maimaita, na girka LibreNMS a gefe, wadda ke tambayar na'urori ta SNMP duk minti biyar. Rautocin MikroTik na bayar da adadin adireshin da ke hannun mutane, ita kuma ta zana shi. Yanzu ina ganin layin zanen yana hawa daga magariba, yana kai ƙololuwa wajen sha ɗaya na dare. Binciken SNMP na cikin phpIPAM kuwa da hannu nake danna shi, duk ranar Litinin da safe. Da zai riƙa tafiya da kansa kamar na ping da na fi so.

Batun tsaro bai kamata a yi wasa da shi ba. Da tsohuwar sigar SNMP, wato SNMPv2c, na fara don ta fi sauƙi, kalmar shiga ɗaya ce kawai. Wata rana na buɗe Wireshark, manhajar leƙen abin da ke wucewa a kan layi, ina neman wani abu daban, sai ga kalmar tamu tana wucewa a fili, ana karanta ta harafi bayan harafi. Haka sigar take, ba ta ɓoye komai. Da na bi sauran na'urori, na tarar da rediyo biyu har yanzu suna kan kalmar shiga "public" da suka zo da ita daga kamfani. Duk wanda ke kan layin zai iya karanta taswirar gidanmu gaba ɗaya. A makon na mayar da duk abin da zai iya zuwa SNMPv3, mai sunan mai shiga da tantancewar SHA da ɓoyewar AES, na bar izinin karatu kaɗai, na kuma rufe ƙofa ta 161 ga kowa in ban da kwamfutar ofis. Tsofaffin suwic biyu da ba su san v3 ba na killace su a VLAN ɗin gudanarwa har mu samu kuɗin canza su.

Ga wanda ke da shago ɗaya da na'ura goma, wannan duk wahala ce, takarda ta ishe shi. Amma makaranta, asibiti, otal ko mai raba intanet da ya wuce sabnet biyar, kuma hannu fiye da ɗaya ke taɓa layukan, ina ba shi shawara ya girka. Ya ware sati biyu na shigar da tsohon lissafi da tantance shi, don nan ne aikin yake. Manhajar na karɓar fayil ɗin Excel ko CSV, amma duk kuskuren da ke cikin takardarka da shi za ta shiga. Ya kuma riƙa kwafe ma'ajiyar bayanan zuwa wani wuri daban. Ni kowane dare nake yi, saboda kwamfutar tamu tsohuwa ce kuma wuta ba ta da tabbas.

Abu mafi wuya shi ne sabo. Watan farko abokan aikina sun ci gaba da zaɓar adireshi da ka, sai binciken Litinin ya tono su. Da yake kowa na da sunan shigarsa kuma manhajar na rubuta wanda ya canza me da yaushe, sai muka daina gardamar wa ya yi. Makon jiya yaronmu ya kira ni daga saman turke a Kabuga, iska na kaɗawa ina jin ta a wayar. Ya ce, "Oga, ba sai ka duba mini ba, na riga na kama 10.12.4.9 tun ina ƙasa, na sa sunan rediyon. Ka dai leƙa ka ga ko ya hau." Na buɗe shafin sabnet ɗin na danna bincike, akwatin ya koma kore, na ce masa ya ɗaure ya sauko.