Asibitin matafiya: abin da na biya da abin da na samu kafin in kai yara Kano

Ranar da fasfo ɗina na Amurka ya iso ta gidan waya, Hajiya na fara kira a Kano, na ce mata ta soma ƙirga kwanaki. Shekara goma sha ɗaya rabona da gida. 'Yata mai shekara tara da autana mai shekara biyar duk a nan Maryland aka haife su, kakarsu ma ba su santa ba sai ta waya. Ni tafiyata ce ta farko da shuɗin fasfo, su kuwa ba su taɓa barin ƙasar ba.

Sha'anin fasfo bai ba mu wuya ba. Mun cike fom ɗin DS-11, na biya dala 130 da wata 35 ta karɓar takardu, yara kuma dala 100 da 35 kowannensu. Babansu ya zo tare da mu, domin yaron da bai kai shekara 16 ba sai da yardar iyaye biyu ake yi masa. Nasu shekara biyar yake yi, nawa goma. Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne matakin da na kusa tsallakewa, wato zuwa asibitin matafiya.

Likitar yaran ce ta tura ni. Na tambaye ta allurar shawara, ta ce ba ta da ita, a Amurka sai wuraren da aka ba izini da hatimi ne ke yin ta su ba da katin nan mai ruwan ɗorawa da muke kira yalo kad. Ta ce in shiga shafin hukumar CDC, mai kula da yaɗuwar cututtuka, in nemi wanda ya fi kusa da mu. Na samu wani, tafiyar minti ashirin a mota, suka ba mu rana saura sati biyar mu tashi. Wannan ya yi daidai, don katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana goma a jiki. Daga nan kuma shi ke nan, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Kati kawai na je karɓa, gaskiyar magana ke nan. Amma nas ɗin da ta gan mu ba ta taɓa allura ba sai da muka yi kusan minti arba'in muna magana. Ta tambayi garin da za mu, da watan, da ko a otal za mu sauka ko a gidan dangi, ko ɗakin kwana yana da raga a taga, ko za mu leƙa ƙauye, ko cikinmu akwai wanda ƙwai ke yi wa illa, tunda da ƙwai ake sarrafa allurar shawara. Ta karɓi katin rigakafin yara ta duba ƙyanda da shan inna da ciwon hanta ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan maganin zazzaɓin cizon sauro na ce mata ta rubuta wa yara, ni ta bar ni. A Kano na tashi, maleriya na yi ta ba adadi, na san ta ta san ni.

Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma yi mini kallon jahila ba, abin da na fi gode mata da shi ke nan. Cewa ta yi ƙarfin da jikin ɗan gida yake da shi a kan maleriya cizon yau da gobe ne ke riƙe da shi, idan mutum ya bar ƙasar yakan zube, kuma wadda ta yi shekara goma sha ɗaya a waje kusan baƙuwa ce a wajen sauro. Ta ce a Amurka ana samun mutum wajen 2,000 da maleriya duk shekara, kusan dukkansu daga tafiya suka kwaso ta, kuma mafi yawansu ba 'yan yawon buɗe ido ba ne. Irinmu ne, masu zuwa ganin dangi. Baturen da zai je kallon namun daji yana shan maganinsa saboda tsoro. Mu kuwa muna daɗewa, muna kwana a cikin unguwa, muna zama a tsakar gida har dare ya raba, kuma muna ganin ai gida muka je. Na yi shiru, domin duk abin da ta lissafa shi nake shirin yi.

Ga kuma lokacin. Hutun makaranta a nan daga tsakiyar Yuni ne zuwa ƙarshen Agusta, wato tsakiyar damina a Kano, sa'ad da sauro ya fi yawa. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi 25 cikin 100 na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma nau'in da ke can shi ne mai tsanani, wanda kan iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro cikin kwanaki kaɗan. Duk iyayen da ke kai 'ya'yansu gida a hutun nan, a wannan lokacin suke kai su.

Ta baje mana magungunan a fili. Kulorokwin da muka sha muna yara ya daina aiki a ƙasashenmu. Doxycycline yana da araha, amma ba a ba yaron da bai kai shekara takwas ba ko mai ciki, kuma sai an ci gaba da sha sati huɗu bayan an dawo. Mefloquine sau ɗaya ake sha a sati, sai dai ba ya dacewa da mai farfaɗiya ko wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa. Muka tsaya a kan Malarone: kullum sau ɗaya, a fara kwana ɗaya ko biyu kafin a isa, a ci gaba kwana bakwai bayan an baro. Ta ɗora yaran a kan sikeli, domin na yara da nauyi ake ba da shi, ta rubuta ƙwaya biyu ga babbar, ɗaya ga auta. Ta ce a sha da abinci ko da madara, in yaro ya ƙi haɗiya a niƙa a zuba a cikin abu mai zaƙi.

Wani abu da ya sa na yarda da ita: ta hana ni sayen allurar da ba na bukata. Ni na tambayi ta sanƙarau, don na san yadda yake yi mana a arewa. Ta ce lokacinsa rani ne, daga Disamba zuwa Yuni, mu kuwa a Yuli za mu isa, saboda haka ba ta ga dalili ba a wannan karon. Wurin da kuɗi ke kawo su, samun mai cewa ki bar wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta taifot kam ta ce a yi, ta ba mu zaɓi tsakanin allura mai shekara biyu da ƙwayoyi huɗu masu shekara biyar. Auta bai kai shekara shida ba, ƙwayoyin ba nasa ba ne, sai muka yi allura gaba ɗaya.

To, sai laifinsu, kuma ba ƙarami ba ne. Tsada. Kuɗin ganin nas daban, kowace allura daban, ta shawara ita kaɗai ta haura dala 200 ga mutum ɗaya. Mu uku muka biya fiye da dala 1,000 tun ba a zo kan ƙwayoyi ba. Ba sa karɓar inshora, a aljihu ake biya, kuma da na kira don neman rana ba wanda ya faɗa mini jimillar, sai a gaban kanta na ji. Wannan ya ɓata mini rai, domin na san mata da yawa a cikinmu da za su ji kuɗin su juya da 'ya'yansu. Daga baya na gane da na kai takardar maganin kantin maganin da muka saba, da inshorarmu ta rage wani abu daga kuɗin ƙwayoyin, kuma da na fara tambayar likitar yara ko sashen lafiya na ƙaramar hukumarmu, da wataƙila allurar taifot ta zo mini da sauƙi. Duk mai zuwa ya tambayi farashin kowane abu ta waya tukuna, ya bar musu abin da sai su kaɗai ke yi.

Na biyu, takardun da suka ba mu kan abinci an rubuta su ne don mai sauka a otal. Kada a ci abincin titi, kada a sha ƙanƙara, kada a ci ɗanyen ganye. Wanda ya rubuta bai san gidan da gwaggo za ta aiko da fura da nono don murnar zuwan jika ba, bai san nauyin mayar da ƙwarya ba. Ni na tsara wa kaina: ruwan gora ko dafaffe ga yara har wajen wanke baki, abinci da zafinsa, fura kuma a dama da madarar kanti. Sun tuna mini da cewa inshorar lafiyarmu ta nan ba lallai ta bi mu waje ba, Medicaid ma, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ba ya biyan magani a wata ƙasa, amma a gurguje suka faɗa muna hanyar fita.

A filin jirgin Malam Aminu Kano an tambaye mu katin, na miƙa, muka wuce. Gwajin gaske a gida yake. Kwana uku da isarmu Hajiya ta gan ni ina niƙa ƙwaya a cokali, ta ce, “Ke 'yar nan, yaro lafiyarsa ƙalau a riƙa ɗura masa magani kullum?” Na ce, “Hajiya, jikinsu bai san sauron nan ba.” Ba ta ce komai ba, amma na ga ba ta gamsu ba. Abin da ya sauya mata ra'ayi ma'aikatan lafiya ne da suka shigo gidan a satin, masu bi gida gida duk wata a damina suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin maleriya. 'Yar ƙanena ta sha nata a gabanta. Daga ranar Hajiya ce ke tambaya kowace safiya ko an ba su, ita ce ma ta gano cewa a kunun gyaɗa auta ba ya jin ɗacin.

A sati na uku ɗan yayata, mai shekara takwas, wanda suke kwana ɗaki ɗaya da auta, ya kwanta da zazzaɓi da amai. Gwaji ya nuna maleriya, ya kwana biyu a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa. Na zauna a gefen gadonsa ina kallon yadda ya rame cikin kwana biyu, yaron da a nan ya tashi, jikinsa ya saba. Alhamdulillahi ya warke. Nawa biyu ba abin da ya same su sai gudawa ta kwana ɗaya ga babbar, ruwan gishiri da sukari ya tsayar da ita. Ba zan ce ƙwaya kaɗai ce ta yi aikin ba, don mun rataya gidan sauro, muna shafa maganin sauro mai sinadarin DEET da zarar an kira magariba, kuma tsari na Allah ne.

Da muka dawo mun ƙarasa kwana bakwai ɗin, ni ma ban tsallake ko ɗaya ba. Nas ɗin ta rubuta mini da hannunta cewa duk zazzaɓin da ya zo cikin watannin bayan dawowa, har zuwa shekara, a je asibiti a ranar, a faɗi da baki cewa an je Najeriya, domin likitan nan ba zai kawo maleriya a ransa ba sai an tuna masa. Takardar tana manne a jikin firij. Katunan uku kuwa na ɗauki hotonsu na haɗa su da fasfo a jaka ɗaya. Akwai bikin ƙanwata a Disamba mai zuwa, kuma na riga na kira asibitin matafiyan kan allurar sanƙarau, wannan karon na sa sun karanta mini farashin kafin in karɓi rana.