Bawul ɗin tagulla ko na roba: wanne zai jure sanyin Bardai?

Malam, ka ce an ba ka aikin jan ruwa daga tanki zuwa wasu gidaje a Bardai da ke arewacin Chadi, kana kuma son sanin ko bawul (abin buɗe ruwa da rufe shi a jikin bututu) da mahaɗan roba da muka saba sawa a nan Njamena za su wadatar, ko kuwa sai ka ƙara kuɗi ka sayi na tagulla. Ka yi daidai da ka tambaya, domin mu a nan rana ce ke cin kayanmu, amma Bardai tana cikin duwatsun Tibesti, a tsayin kusan mita 1,000, inda sanyin dare a Disamba da Janairu kan sauka ƙasa da sifili, har ruwan da ya kwana a bututu ya wayi gari ƙanƙara.

Idan ruwa ya daskare, yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kamar yadda gorar ruwa ke yi idan an manta da ita a firiza. Ƙanƙarar takan toshe bututu a wuri ɗaya, ta riƙa tura ragowar ruwan zuwa ga famfon da yake rufe, shi ya sa sau da yawa fashewar ba ta faruwa a inda ƙanƙarar take, sai a gwiwa ko a bakin bawul.

Bawul ɗin roba na PVC yana da araha, ba ya tsatsa, amma sanyi yana mayar da shi mai gautsi. A Tibesti kuwa zai sha duka biyu, rana ta gasa shi da yini, sanyi ya kama shi da dare, kuma idan ya tashi fashewa yakan tsage ne a tsaye, ba ya ɗaukar gyara. Koren bututun nan na PPR ma, duk da kyawunsa a cikin gida, ba ya son bugu idan sanyi ya kusa sifili.

Bawul na tagulla ya fi na roba ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai kada wannan ya sa ka saki jiki, musamman da irin mai dogon hannu wanda ake rufewa da juyi guda. A cikinsa akwai ƙwallo mai huda, kuma duk lokacin da aka rufe shi, ɗan ruwa yakan maƙale a cikin hudar da kuma tsakanin ƙwallon da jikin bawul ɗin, ba shi da mafita ko da an tsiyaye bututun gaba ɗaya. Wannan ɗan ruwan, wanda bai fi cikin cokali ba, shi ne ke tsaga tagullar. Za ka ga tsagar a gefen cikinsa, siririya kamar gashi, kuma ba za ta nuna kanta da asuba ba, sai da hantsi, bayan ƙanƙarar ta narke ruwa ya fara tsartuwa. Irin mai zagayayyen kai da ake murɗawa shi ma yana riƙe ruwa a wuyansa, ga shi kuma yashi yana hana shi rufuwa sosai, don haka ban ga dalilin fifita shi a ƙasar rairayi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne na jabu da suka cika kasuwa, waɗanda aka zuba da gaurayen tutiya aka shafe su da ƙyalli. Ka ɗaga shi a hannu, domin tagulla ta gaske tana da nauyi, sannan ka ɗan kankare cikin bakinsa da wuƙa. Idan ka ga rawaya, tagulla ce. Idan fari-fari ne kamar toka, ka ajiye wa mai shago kayansa.

A ɓangaren bututu, na ƙarfe da ake kira galba yakan tsage a ɗinkinsa ko a wurin haƙoransa, inda ƙarfen ya fi siranta. Baƙin tiyo na PEHD kuwa yana buɗewa ya ba ƙanƙara wuri sannan ya koma, yana kuma jure rana.

Shawarata ita ce ka ja layin da baƙin tiyo, ka binne shi, ka sa bawul na tagullar gaske a inda dole ya fito fili, ka naɗe shi da soso ko buhun algarara, ka rufa da leda don kada ya jiƙe. Ka kuma sa ƙaramin famfon tsiyaya a wuri mafi gangara, sannan ka nuna wa masu gidan cewa a dararen hunturu su tsayar da ruwa daga bawul ɗin bakin tanki, wanda shi ne ya fi buƙatar naɗi mai kauri, su buɗe famfuna su tsiyaye layin, su bar hannun sauran bawul ɗin a tsakiya, rabi buɗe rabi rufe, domin ruwan da ke bayan ƙwallon ya samu hanyar fita.