Wace manhaja za ta duba maka maƙala kafin ta isa hannun edita?

Da zarar an ce a duba maƙala da na'ura, Turnitin ko iThenticate ne ke faɗo wa yawancinmu a rai. Su kuwa abin da suka iya shi ne gano ko ka kwashi rubutun wani. Ba ruwansu da ko lissafinka ya yi daidai, ko wani mai bincike zai iya bin sawunka ya maimaita gwajin. Wannan aikin wasu manhajoji ne daban, kuma fagenka ne zai nuna maka wadda za ka ɗauka.

In kana nazarin halayyar ɗan Adam, ko ilimi, ko duk fagen da ake rubuta sakamako a tsarin APA, wato ƙa'idar rubutu ta ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, fara da statcheck. Kyauta ce. Michèle Nuijten ta Jami'ar Tilburg a ƙasar Holan na cikin waɗanda suka ƙirƙire ta. Takan tsinto alƙaluman gwajin ƙididdiga, ta sake lissafa ƙimar p (adadin da ake dubawa a yanke ko sakamakon ya wuce dace kawai), ta gwada da wadda ka rubuta. Da aka sa ta bi maƙalu sama da 30,000 na tsakanin 1985 da 2013, kusan rabin masu ɗauke da irin wannan lissafi an same su da saɓani aƙalla ɗaya, kuma a ɗaya cikin takwas saɓanin ya kai ya iya sauya hukuncin da aka yanke. Rauninta: in ka kauce wa tsarin APA, ko ka zuba alƙaluman a jadawali, wucewa za ta yi ba ta gani ba.

Mai aikin ɗakin gwaji, da ɓeraye da ƙwayoyin halitta, SciScore ce tasa, amma ta kuɗi ce. Sashen hanyoyin bincike take karantawa. Ka faɗi jinsin dabbobin, maza ne ko mata? Ka raba su rukuni-rukuni bisa ƙuri'a? Mai aunawa ya san wane rukuni ne ya sha magani, ko an ɓoye masa? Yaya aka yi ka tsayar da yawan samfurin? Kayan gwajin suna da lambar shaida ta RRID? Sai ta ba da maki har zuwa 10. Kafin ka nemi dala, tambayi mujallar da za ka tura wa, don akwai masu yi wa marubuta wannan dubawar da kansu.

ODDPub, daga cibiyar QUEST ta asibitin koyarwa na Charité a Berlin, tana gano ko marubuci ya faɗi inda ya ajiye bayanansa da lambobin manhajarsa domin kowa ya gani. Kyauta ce, sai dai sai wanda ya iya R, yaren kwamfuta na aikin ƙididdiga. A ganina ta fi dacewa da edita ko sashen da ke son tantance maƙalu da yawa a lokaci guda. Haka Proofig da ImageTwin, masu farautar hoton da aka maimaita ko aka yi wa kwaskwarima; mujallar Science ta fara amfani da Proofig a 2024. Wannan sayayyar mujalla ce ko jami'a, bai kamata a ɗora wa ɗalibi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne a mai da maki ya zama hujja. SciScore da ODDPub kalmomi suke karantawa. Wanda ya rubuta cewa ya jefa ƙuri'a alhali bai jefa ba, zai samu makinsa cif. Don haka edita ya ɗauki rahoton a matsayin jerin tambayoyin da zai yi wa marubuci, sannan ya nemi ganin bayanan da idonsa.

Sai batun sirri. Maƙalar da ba a wallafa ba, musamman mai ɗauke da bayanan marasa lafiya, kada ka ɗora ta a shafin kamfani sai ka karanta tsawon lokacin da za su riƙe ta, da wanda zai iya buɗewa. A nan statcheck da ODDPub sun yi zarra, domin kana iya sauke su a kwamfutarka ka yi aikin ba tare da rubutun ya fita ko'ina ba.