Hattara da masu tallar "ruwan nano" mai hana tufa jiƙewa

Jama'ar Zariya, musamman teloli, masu wanki da guga da masu sayar da takalma: da damina ta ƙarato, wasu kan bi shaguna a Sabon Gari, Tudun Wada da Samaru da kwalaben feshi marasa adireshin kamfani. Cewa suke feshi ɗaya ya isa shadda ta daina shan ruwa har abada, wasu ma har kuɗin rajistar zama dila suke karɓa. Kada ku biya.

Fasahar kanta akwai ta. Kafin ruwa ya dunƙule ya gangara kamar a kan ganyen gwaza, sai abu biyu sun haɗu: sinadarin da ruwa ba ya kamawa, irin su silikon ko dangin fulorin, da kuma kaushi mai ƙanƙantar da ido ba ya gani, wanda galibi ƙwayoyin silika (sinadarin da ke cikin yashi) ke samarwa. Kaushin ne ke riƙe iska a ƙarƙashin ɗigon. Sinadari kaɗai a kan abu mai santsi ba ya kai kusurwar ɗigo, wato ma'aunin yadda ɗigon ruwa ya dunƙule a kan abu, sama da digiri 120 ko kusa da haka, alhali sai ta wuce 150 ake kiran abu mai tsananin korar ruwa. A masana'anta tsoma yadin ake yi, a matse, a busar, sannan a gasa shi a zafin digiri 150 zuwa 170 na 'yan mintuna don sinadarin ya kama zare. Duk da haka wanki da gogayya suna cinye shi. Balle shaddar da za a sa wa sitaci a kai wa masu bugu: sitaci mai jan ruwa ne, bugun kuma yana murƙushe kaushin.

Abin da ake ɗurawa a irin waɗannan kwalabe yana iya zama kakin kyandir da aka narkar a kananzir ko tina, ko man goge gaban mota da aka tsinka. Ranar farko ruwa zai zame, ba musu. Amma kakin yana narkewa tun daga digiri 50 zuwa 65, don haka dutsen guga na hawa sai ya bar tabon maiƙo, ƙura ta manne, garin sabulu ya wanke sauran. Ƙyallen da suke gwadawa a gabanku kuwa mai yiwuwa tun daga gida aka shafe shi da na ainihi.

Malam, kafin ka ciro ko sisi, ka kawo naka ƙyallen: farin yadin auduga da aka wanke aka ɗauraye tas, domin ragowar sabulu na jawo ruwa cikin zare. A fesa rabinsa daga nisan santimita 15 zuwa 20, shafi biyu marasa kauri, a bar shi awa 24. Ɗiga ruwa, ka ɗan karkata shi. Na kirki zai gangara bai bar danshi ba. Murza wurin da yatsa sau ashirin, ka wanke, ka goge, ka sake ɗigawa. Fesa kaɗan kuma a farar takarda: idan ta bushe da tabo mai haske kamar takardar ƙosai, mai ne. Mai tallar da ya ce ba zai iya dawowa gobe ba, ya san abin da ke cikin kwalbarsa.

Na ainihin ma ba ya mai da riga rigar ruwa, ruwan sama mai ƙarfi zai bi ta ramukan saƙa. Waya kuwa kada a kuskura a fesa mata. Wadda ke da lambar IP67, mai jure zurfin mita ɗaya na minti 30, robobin da aka toshe kafofinta da su ne ke kare ta, feshi ba ya toshe wurin caji.

Abin da ya fi damun mu shi ne huhu. A 2006 an janye wani feshi mai suna Magic Nano daga kasuwa a Jamus bayan mutane da dama sun kamu da sarƙewar numfashi. Telan da ke feshi a ƙaramin shago, ga janareta ko dutsen gawayi a gefe, yana shaƙar tururin, kuma tina mai kama wuta ce. Wanda ya ji tari ko ƙirjinsa ya ɗaure bayan feshi ya fita iska, ya tafi asibiti da kwalbar a hannu.

Idan sun ce daga ABU ko NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai da ke Basawa, kayan ya fito, ku nemi takarda, ku je can ku tambaya. Wanda aka riga aka karɓi kuɗinsa ya ajiye kwalbar da shaidar tura kuɗi, ya kai wa shugabannin kasuwa da 'yan sanda.