Akwatin da ya tare ruwan sama, ya jiƙa mini allon fitilu daga ciki

Shekara huɗu ke nan ni ake ɗora wa aikin fitilun ado na ƙofar Islamiyyar unguwarmu a watan Maulidi. Da yake Maulidin 2024 ya faɗo a tsakiyar Satumba, lokacin da damina ba ta yi sallama da Kano ba, sai na ga bai dace in sake naɗe allon sarrafa fitilun a leda in cusa ƙarƙashin kwanon rumfa kamar yadda na saba ba. Na je layin masu kayan wuta na sayi akwatin roba ruwan toka, mai murfi garai-garai da ake hango ciki, an buga masa lambar IP65 a gefe. Mai shagon ya ce mini: "Alhaji, ko a kududdufi ka jefa shi, ɗigo ba zai shiga ba." Na san ya ƙara gishiri, domin 6 ɗin na nufin ƙura ba ta shiga, 5 kuwa ruwan da aka fesa ne kawai, wanda ake nutsarwa a ruwa sai mai lamba 7. Amma ni ruwan sama nake gudu, don haka na biya ban ja zance ba.

A ciki na ɗaure ƙaramin allon sarrafa fitilun, samfurin ESP32 mai manhajar WLED, da na'urar da ke sauko da wutar gida zuwa bolt 12, wayoyin fitilun kuma suka fita ta ƙasa. Roba na zaɓa da gangan, saboda akwatin ƙarfe yana danne siginar da nake canza launi da ita daga wayar hannu. Kwana biyu da kafa shi aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, da iskar da ta kwashe rumfar mai shayin bakin layi. Da safe na hau tsani gabana na faɗuwa, na tarar da cikinsa a bushe ƙayau. A ranar babu wanda ban yaba wa akwatin nan ba, har wani abokin aikina ya sayi biyu a kan maganata, abin da har yanzu nake jin nauyinsa.

A daren jajibiri, bayan sallar isha'i, yara sun cika ƙofar makaranta da sababbin kaya, malamai sun zauna, sai fitilun suka fara ƙyaftawa. Rabin igiyar ya tsaya cak a kan kore, sauran ya riƙa tsalle daga launi zuwa launi, kafin minti biyar duka suka mutu. Na kashe wuta na hau tsani da tocila a baki, kowa ya ɗaga kai yana kallona. Tun kafin in kwance murfin na ga ɗigon ruwa jere a cikinsa kamar murfin tukunyar da aka sauke daga wuta. A kusurwar ƙasa ruwa ya taru kusan cokali biyu, bakin wayoyin da ke kan allon kuma ya yi kore-kore. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kwana uku ke nan ko yayyafi ba a yi ba.

Daga baya na gane cewa gumi akwatin ya yi. Da rana iskar ciki tana zafi ta kumbura ta fita ta kowace 'yar kafa, da dare kuma akwatin ya huce ya zuƙo iskar damina mai laima, laimar ta kwanta a murfi ta zama ruwa, kuma babu hanyar da zai bi ya fita. A nan dole in ɗauki rabona na laifi: na kafa shi yana kallon yamma, rana tana ratsa murfin kai tsaye, sannan na haɗa allon da na'urar rage wuta wuri ɗaya, ita kuwa da nata zafin. Har na yanke cewa akwatin ba shi da laifi, ni ne ban iya ba.

Sai da na sauke shi don in shanya na duba robar da ke zagaye bakin murfin. Ashe ba zobe ɗaya ba ce, igiyar roba ce aka yanka aka kwantar a rami, kuma bakunanta biyu ba su haɗu ba, akwai giɓin da kan ashana zai shige. Biyu daga cikin kusoshin roba huɗu da ke riƙe murfin sun cinye a buɗewa ta uku, sukundireba sai juyawa take a banza. Babu 'yar takarda ko ɗaya a kwalin da ta ambaci gumi, babu kuma wurin da aka ware don hular shan iska, wadda ke barin akwati ya yi numfashi ba tare da ruwa ya shiga ba. Wanda ya buga IP65 a jikin abin da robarsa ba ta haɗu ba ya san abin da ya yi.

Na sayi sabon allo, na toshe giɓin da silikon, na huda ƙasa na sa hular iska, na jefa ƙunshin busar da laima irin wanda ake samu a kwalin takalmi, na kuma yi masa inuwa da guntun kwano. Da haka fitilun suka kai har ranar Takutaha, bikin da Kanawa ke yi mako guda bayan Maulidi, lafiya lau. Na bar shi a bango har hunturu, kuma gaskiya ƙura ba ta shiga ba ko kaɗan, amma kafin Fabrairu murfin ya koma ruwan ɗorawa ya tsage daga gindin kusa. Yanzu yana ɗaki ina zuba fiyus da guntayen waya a ciki, abokin nawa kuma ya zo ranar Asabar da nasa biyun mu duba robarsu.